Azumin da Na Yi Gadin Bidiyo

Azumin bana ya zo da zafin da na daɗe ban ji irinsa ba, ga shi kuma ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya. Autata Bilkisu, wadda take aikin jinya, ta gaji da ganina zaune tun hantsi har la'asar ina tunanin ko na yi niyya daidai ko ban yi ba. Sai ta ɗauki wayata ta kai wa masu tura fina-finai a Ƙofar Doka, suka cika min ita.

"Mama, ki riƙa kallo. Ya fi miki wannan tunanin."

"Da azumi a bakina?"

"Ai ba cinye wayar za ki yi ba."

Cikin kwana goma na kalli guda shida. Kada in yi ƙarya, bakwai ne, amma ɗaya ban ƙarasa ba. Akwai na Amurka da motoci suke ta karo, gidaje suna rushewa, kuma tun daga farko har ƙarshe ban ga mutum ɗaya ya gai da wani ba. Duhunsa ya yi yawa har na zaci wayar ce ta lalace. Akwai na Indiya da aka mayar da Hausa, mutum ɗaya ne yake yin muryar kowa, tsohuwa da budurwa da ɗan sanda, kuma sai da ya saka barkwanci a daidai wurin da mahaifin yarinyar ya rasu. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai. Namu na Hausa mai dogon zango kuwa, falo ɗaya ya fi gidan da na yi aure girma, mace ta tashi daga barci da kwalliyarta tsaf, ba mai shara ba mai wanke-wanke, a yi awa guda ana maganar da za a iya gamawa a tsaye a bakin ƙofa. Wanda ban ƙarasa ba na ban tsoro ne. Yarinya ta ji motsi a ɗaki mai duhu, ko bisimilla ba ta yi ba ta tura ƙofa ta shiga. Na yi mata magana sau biyu ba ta ji ba, na kife wayar.

Na ƙarshen wani tsohon fim ɗin Indiya ne, launinsa duk ya koɗe. Kiɗan farko kawai na ji, sai bakina ya faɗi da kansa: dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in. Bilkisu ta leƙo ta ce lissafin me nake yi. Na ce mata lamba ce da na zaci na manta.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina da shekara huɗu da aure, a gidan su Malam mijina cikin birni, ba nisa da Ƙofar Gayan. Mu uku ne mata a gidan. Akwai Inna, mahaifiyar Malam. Akwai Yaya Asabe, matar Alhaji, wan Malam. Sai ni. Ɗakunanmu mu biyu an yi musu rufin kwano, na Inna ne kaɗai ya rage da soro, shi ya sa da rana kowa can yake gudu.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar bazara. Tun kafin a ga wata famfo ya daina kawo ruwa, idan aka murɗa sai ya yi tari ya yi shiru. Rijiyar tsakar gida ta ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya sau biyu, kuma abin da yake fitowa rabinsa laka ne, sai mun zuba a randa mun bar shi ya kwanta. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwanuka, wanda aka wanke kwanuka a yayyafa wa ƙasa don ta huce. Kaya sun yi tsada, madara da sukari sai a gidan wane da wane. Kunun tsamiya da ƙosai muke buɗe baki da su, tuwon dawa ya biyo baya, da asuba a ɗumama wanda ya rage. Kwanon rufi yakan yi ta ƙara da rana kamar ana taka shi. Wuyana da bayana duk ƙurajen zufa, idan zane ya taɓa sai in ji kamar an zuba barkono.

Aikin yini kuwa a jere yake. Bayan sallar asuba a ja ruwa tun rijiya ba ta gama tsotsewa ba. Sannan surfe, sannan a jiƙa wake, a kai niƙa. Da hantsi mu zauna ɗinki, domin kamar yawancin matan cikin birni muna yi wa manyan riguna aikin hannu, kuma gab da salla masu riguna ba sa barin mutum ya huta. Riga ɗaya mai aska takwas mu biyu muka raba ni da Yaya Asabe, ita tana gaba ina wuya. Ita takan lasa zare ta zura a allura ta wuce. Ni ba na iyawa, zaren rinanne ne, wa ya san abin da zai narke ya bi yawu? Na ajiye ɗan ruwa a murfin kwalba ina tsoma bakin zaren. Yaya Asabe ta sa min suna Malama saboda irin waɗannan abubuwan.

Ana saura kwana uku azumi Alhaji ya dawo daga Jidda da talabijin mai kala da bidiyo. Aka ajiye su a ɗakin Inna don an ce zafi yana kashe su. Inna ta zagaya su da sandarta, ta ƙwanƙwasa gefen akwatin.

"Wannan na mutane ne ko na shaiɗanu?"

Alhaji ya ce, "Inna, ya danganta da kaset ɗin da aka sa masa."

"To wa zai riƙa duba abin da za a sa masa?"

Yaya Asabe ta ce, "Ni mana, Inna."

"Ke? Ke da kike rawa idan ana daka?" Sai ta juyo ta nuna ni da sandar. "Rakiya ce. Yarinyar da take wanke kwano ɗaya sau uku ba za ta bar ƙazanta ta wuce ta ba. Kuma ta yi boko, ta san lamba."

Na so in ce a'a. Inna ta ci gaba:

"Shekara sittin da ɗoriya ina azumi, ban taɓa kai shi da tabo ba. Na ba ki amanar idona. Ranar da na ga abin da bai kamata ba, akwatin nan ya koma inda ya fito, kuma alhakin azumina yana wuyanki."

Daga ranar na zama mai gadi. Wuta takan zo bayan asuba ta kai hantsi, wani lokaci ta dawo bayan azahar. Saboda haka da an gama jan ruwa, lokacin da Yaya Asabe take komawa ta ɗan rintsa, Inna kuma ta fita gindin darbejiya da carbinta, ni sai in shiga in kalli kaset ɗin ranar ni kaɗai, ba murya. Bayan azahar a sake sa shi ga kowa, muna ɗinki muna kallo har la'asar ta kira mu madafi. Malam ne yake kawo kaset ɗin daga wajen wani abokin aikinsa a Tukur-Tukur, ɗaya ko biyu a jakar kekensa, yawancinsu ko suna babu a jiki.

Shi ya koya min madannan. A gaban bidiyon akwai lambobi huɗu koraye da suke tafiya idan kaset yana tafiya. Sai a mayar da kaset farko, a danna su koma sifili, sannan a fara. Na samo tsohon littafin lissafina na firamare na ja layi biyu. Inda abin kunya ya fara in rubuta lambar, inda ya ƙare in rubuta. Da rana idan lamba ta kusa, in tsayar, in tura gaba har ta wuce, in sake kunnawa. Ranar farko na tura ban tsayar ba, sai ga mutanen suna yin abin da nake gudu amma da sauri kamar an sa musu wuta. Allah Ya taimake ni Inna tana neman goronta na buɗe baki a ƙarƙashin filo. Matsala ɗaya ce babba: idan aka ɗauke wuta, ko na ƙiftawar ido ne, lambobin sukan koma sifili, kaset kuwa yana inda yake. Dole a mayar da shi farko a sake lissafi. Yaya Asabe ta tsani wannan jiran.

Da farko rawa kawai nake cirewa, da wurin da namiji da mace suka matsa kusa da juna. Sai na ga kwalaben giya, na ƙara. Sai na ga wata mace da gajeren siket tana wucewa can baya, na ƙara. Sai aka kawo na 'yan Sin masu faɗa da hannu da ƙafa. Na yi murna, na ce wannan kam ba mata ba rawa. Ashe su ci ne aikinsu. Kafin faɗa a ci taliya, bayan faɗa a ci taliya, wani ma yana dukan mutum huɗu da kwano a hannunsa, tururi yana tashi. Yawu ya cika min baki. Na fita na tofar, na dawo, na ƙara abinci a cikin littafin.

Da yamma na tare Malam a zaure.

"Malam, idan mai azumi ta ga ana cin taliya a talabijin, yawu ya taru mata, ta tofar, amma ba ta tabbata duka ya fita ba fa?"

"Rakiya, karo na huɗu ke nan kina min wannan tambayar."

"Ta jiya shinkafa ce."

Ya ce azumina yana nan, ya shige. Ban gamsu ba, don ya amsa da sauri.

Fina-finan kuwa iri-iri ne. Akwai na kaboyi, masu faffaɗar hula a ƙasar da ta fi tamu bushewa. Inna ba ruwanta da mutanen, dawakan take tausaya wa. "Tun ɗazu yake gudu da shi, ko ruwa bai ba shi ba. Allah Ya isar wa dabbar nan." Akwai na yaƙi, wanda na fi samun sauƙinsa, domin mutuwa ba ta cikin abin da aka ce in cire. Akwai wani tsohon fim marar kala, ba a magana sosai, wani siririn mutum yana ta faɗuwa daga tsani. Shi kaɗai ne ban rubuta masa lamba ko ɗaya ba, kuma shi kaɗai na ji na kusa yin dariya, sai na tuna wataƙila abin yana gaba, na ci gaba da tsaro har ya ƙare. Na 'yan Sin kullum labari ɗaya ne, an kashe malami, ɗalibi ya tafi daji ya koyo sabon duka ya dawo. Inna takan ce, "Su waɗannan ba su da manya ne a garinsu da za su zaunar da su?" Wani na Amurka na masu leƙen asiri kuwa sai da ya ci min shafi biyu. Da na gama cirewa, abin da ya rage bai kai dahuwar shinkafa ba.

Babu mai jin yaren ko ɗaya a cikinmu. Yaya Asabe ce take fassara wa Inna, daga kanta take ƙirƙira. Inna takan zauna dab da akwatin, kusan hancinta ya taɓa gilashi, ta riƙa tambaya, "Wannan mace ce ko namiji?" Ni a lokacin na ɗauka gwada ni take yi, ta ga ko ina lura. Na san idonta ya yi yana, kowa ya sani, amma tana gane mu tun daga nesa, tana kuma gane idan an taɓa mata kaya. Ban taɓa tunanin da takunmu da muryarmu take gane mu ba.

Ƙorafi ya fara tun satin farko.

"Malama, mutumin nan yanzu-yanzu yake neman aurenta. Kin danna, ga su da 'ya'ya biyu. Yaushe aka kai lefe?"

"An kai, ba ki gani ba ne."

"To ai shi nake faɗi! Wancan mai gemun fa, ina ya shiga?"

"Ya mutu."

"Wa ya kashe shi?"

"A wurin shan giya aka kashe shi, Yaya, ba zan iya nuna miki ba."

"Innalillahi! Mutum ya mutu ba mu samu ko gaisuwa ba."

Inna takan yi dariya har ta riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Kowa yana samun barcin safe ban da ni. Kowane fim sau biyu nake zama a gabansa, amma ba zan ce na kalli ko ɗaya ba. Da safe ina farautar abin kunya, ido ɗaya a rufe, ina istigfari. Da rana idona yana kan lamba da allura, ba na ɗaga kai in dubi hoton. Su suna jin daɗi suna zagina, ni da na kwashe dattin duka a idona don su huta ko sannu babu. Wuyan rigar da nake ɗinkawa ma ya tsaya, Yaya Asabe ta gama nata gefen tana jirana.

Na Indiya sun fi wahalar da ni, kuma su aka fi so. Abin da na lura da shi shi ne, da zarar hadari ya haɗu a fim ɗinsu, to in shirya alƙalami. Ba su san a shiga ɗaki idan ana ruwa ba. Ruwa yana sauka, yarinya za ta fito da ɗan yalolon mayafi, saurayi ya biyo ta, a yi ta zagaya itace har kaya su manne a jiki. Saboda haka ko jira ba na yi. Ina ganin gajimare ya yi baƙi nake rubuta lamba, sai rana ta fito in rubuta ta biyu.

Mu kuwa a Zariya hadarin sai ya haɗu ta gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe mana shanya, mu fito da robobi da tukwane mu jera ƙarƙashin indararo. Sai ya watse. Mu kwashe kayanmu a bushe mu mayar. Kwana uku a jere yana mana haka a goman ƙarshe. Zafin da yake biyo baya ya fi na da. Inna ta rame, leɓɓanta sun tsage, da rana sai mun jiƙa tsumma mun ɗora mata a ka. Alhaji ya roƙe ta ta sha azumin a ciyar a madadinta, ta ce idan ya sake faɗa za ta saɓa masa.

Ranar ashirin da huɗu ga wata aka sa wannan fim ɗin da na gani a wayata. Labarin ɗiyar wani manomi ne da direban jirgin ƙasa. A littafina wuri uku ne, mafi tsawo daga dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in zuwa dubu ɗaya da ɗari uku da casa'in da biyar. A gefe na rubuta: ruwa da rawa, mai muni.

Lamba tana wajen ɗari tara sai wani tunani ya faɗo min. Da na yi alwalar azahar, na shafi kaina kuwa? Na taɓa ɗankwalina, a bushe. To a wannan zafin ai komai a bushe yake. Na yi ƙoƙarin tunawa, na ga hannuna yana zuwa kunne, ban ga ya bi ta kai ba. Idan ban shafa ba babu alwala, idan babu alwala babu azahar, a goman ƙarshe kuma. Na duba lamba, da sauran tafiya. Na ce wa Yaya Asabe kada ta taɓa komai, na fita.

Ruwan randa ya yi ƙasa, sai da na tace buta ɗaya da bakin zane. Na yi alwala. A wajen wanke ƙafa na yi shakkar ko na kurkure baki sau uku ko huɗu, kuma ko wani abu ya wuce maƙogwaro. Na sake daga farko. Na yi salla a ɗakina. Duk wannan lokacin ban san an ɗauke wuta an dawo da ita ba, da rana tsaka babu ƙwan da zai nuna min. Yaya Asabe kuwa ta daɗe da gane madannin kunnawa. Ta danna abinta, fim ya ci gaba daga inda ya tsaya, lamba ta fara daga sifili.

Na dawo na dubi lamba: ɗari biyu da goma.

"Yaya, kin mayar da shi baya ko? Don ki sake ganin jirgin?"

Ba ta ko juyo ba. "Uhm. Yi shiru, ana magana."

Na ce a raina, to, na samu sarari. Da na ɗaga kai sau ɗaya na dubi hoton da na gane inda muke. Ban ɗaga ba. Na ja rigar kan cinyata, na tsoma zare a murfin kwalba, na sunkuya.

Sai aka yi tsawa.

Inna ta zabura, tsumman kanta ya faɗi. "Hadari ne? Asabe, ku fitar da robobi!"

Na ɗago. Gilashin duka ruwa ne, yana zuba kamar da bakin ƙwarya, ga yarinyar nan ta fito da gudu ta buɗe hannuwa, ga direban jirgin a bayanta. Na yi tsalle, rigar ta harɗe min ƙafa, allura ta shige min yatsa. Na kai hannu kan madanni, sai na ji an damƙe min wuyan hannu. Ban san tsohuwar nan tana da ƙarfi haka ba.

"Bari!"

"Inna, wurin nan..."

"Na ce ki bari. Ruwa ne wannan?"

Ta matsa har goshinta ya kusa taɓa akwatin. Ta sake ni, ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin. "Ikon Allah. Ji yadda yake sauka. Ji ƙararsa a kan ganye. Asabe, ƙasar ta jiƙa?"

"Ta jiƙa sharkaf, Inna, har ya kwanta." Yaya Asabe ta cusa bakin mayafi a baki tana danne dariya.

Ni ina tsaye, jini yana ɗiga a yatsana, ina kallon abin da na rubuta wa "mai muni" yana gudana a ƙarƙashin tafin hannun Inna, tun daga farkonsa har ƙarshe. Waƙar ba ta da niyyar ƙarewa. Da rana ta fito a fim ɗin, Inna ta koma ta jingina da bango, ta yi ajiyar zuciya.

"Dama akwai ruwa a cikin akwatin nan?"

Yaya Asabe ta ce, "Kusan kowane na Indiya, Inna. Malama ce take shanye shi da safe ita kaɗai."

A madafi, muna suyar ƙosai, ta matso kusa da ni. "Ba ta ga komai ba, wallahi ba ta gani ba. Idan kika buɗe bakin nan naki aka fitar da bidiyon nan, ni da ke ne har salla."

Na san gaskiya ta faɗa. In na yi shiru, shi ke nan. Amma amana aka ba ni, kuma abin ya wuce ta gaban idon Inna da azumi a bakinta, ko ta gane ko ba ta gane ba. Ƙosai biyu na ƙona ina wannan tunanin. Da aka sha ruwa aka yi magariba, na ɗauki kwanon tuwon Inna na kai mata, na durƙusa, na faɗa mata duka. Har alwalar, har yadda ban ɗaga kai ba.

Sai ta tambaye ni:

"Su nawa ne?"

"Biyu, Inna. Mace da namiji."

"Da kaya a jikinsu?"

"Da kaya, amma sun jiƙe."

"Ni na zaci itatuwa ne iska take kaɗawa." Ta ture kwanon gefe. "Ke dai Rakiya, Allah Ya sawwaƙe miki. Allah Ya rufe min abu, ke kin taso takanas kin zo kin buɗe min shi da baki."

Na fara kuka, na ce a fitar da akwatin, na ɗauki alhakin.

"Ba inda za shi. Ni ruwa na gani, kuma gobe ma ina son in gan shi. Tunda yanzu na san suna ciki, sai ki ɗauko faifai ki rufe su. Ki bar min ruwan."

Haka aka yi. Kwana shida, kullum bayan azahar, kafin a sa fim ɗin ranar sai an sa wa Inna ruwanta. Ni kuma in tsuguna a gefen talabijin da faifan tankaɗe a hannu ina bin mutum biyu. Su kuwa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ta yi hagu, ya yi dama, su rabu, su haɗu, wani lokaci fuskarta ta cika gilashin gaba ɗaya. Yaya Asabe tana daga baya tana ba da umarni: "Sama, Malama! Ga ƙafarta nan ta leƙo! Ya ɓullo ta bayan itace!" Inna tana cewa, "Kin tare min ruwa, matsa." Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ba yadda za a yi in rufe su sai na kalle su. Wurin da na gani sau ɗaya da ido ɗaya, sai da na haddace shi taki-taki, na san inda za ta juya tun kafin ta juya. Da na kai wa Malam ƙara, ya yi dariya har ya sarƙe da kunu. Bayan salla na rama azumi bakwai. Ba wanda ya ce in rama, Malam ma faɗa ya yi.

Ruwan gaske bai sauka ba sai da salla ta wuce da kwana tara. Inna ta sa aka kai mata tabarma bakin ƙofa, ta miƙa hannu waje, ta ce min, "Wannan kam ajiye faifanki." Damina biyu ta ƙara gani a duniya.

Shekaranjiya, da fim ɗin ya kai wurin a wayata, ban san lokacin da babban yatsana ya hau kan gilashin ba. Ya bi yarinyar hagu, ya tare direban a bayan itace, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Bilkisu ta tsaya a kaina tana kallo.

"Mama, me kike gogewa?"

Na ce ta yi shiru. Domin a wayar mutanen ƙanana ne, yatsa ɗaya ya ishe su, kuma tunda hannun ya san aikinsa, idona ya samu sarari ya dubi gefe. Akwai gona kore shar a bayansu. Akwai wata saniya tsaye ruwa yana bin bayanta. Akwai ganyen ayaba yana sunkuyawa yana ɗagowa, ruwan yana tsalle a kan ƙasa yana tara ƙananan kududdufai. Sau nawa na tsuguna a gaban wurin nan, ban taɓa sanin akwai saniya ba.

Na ce wa Bilkisu ta mayar min da shi baya. Ta mayar. A karo na biyu hawaye ɗaya ya gangaro har gefen bakina, na goge da sauri. Ina jin bai shiga ba. Amma zan rama ranar.